Injin da Malam Tambaya Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga watan Yuli, 2025, cikin watan Muharram, Allah ya karɓi ran Malam Idris Bakanike, wanda mutanen Gusau suka fi sani da Malam Tambaya, a gidansa da ke Furfuri, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun bayan babbar salla. Ina rumfata a Bungudu da hantsi, ina jera wankakkun huluna a rana, sai Sabiru mai walda, abokin aikinsa na shekara da shekaru, ya kira ni a waya. Ko sallama bai iya yi ba. Ya ce, "Mannir, Malam ya cika." Daga nan wayar ta katse.

Malam, an yi maka salla bayan azahar. Na ga 'yan kabu-kabu, na ga masu kai hatsi kasuwanni, na ga Fulani da suka baro ruga da laka a ƙafafunsu. Da aka ɗaga makara kowa ya shiga rububin sa kafaɗa. Ni kuwa ina zaune a kan babur ɗina mai ƙafa uku, domin shan-inna ta riƙe mini ƙafafu tun ina ƙarami, ban taɓa tsayuwa a kansu ba. Ban taɓa jin zafin rashin ƙafa irin na wannan rana ba. Sabiru ne ya lura da ni. Ya tsayar da mutane, suka sassauto da makarar har na ɗora hannu a gefenta. Iyakar abin da na iya yi maka ke nan. Na kashe injin, wasu mutum biyu da ban san sunayensu ba suka tura ni a bayan jama'a har maƙabarta.

Na zauna rubuta wannan ta'aziyya ne domin mutane da yawa sun san ka da gyaran babur, amma kaɗan ne suka san abin da ka yi mini.

Kafin in san ka, keken guragu nake tuƙawa da hannu. Duniyata ba ta wuce inda ƙarfin damtsena ya kai ba: gida, masallaci, rumfar wankin hula, sai kuma gida. Idan zan shiga Gusau sai an ɗaga ni an saka a mota kamar buhu, a ɗaure keken a bayanta. Da yayana Abdullahi ya rasu ya bar tsohon babur a zaurenmu, ƙarami, wanda ya sha wuya a hanyoyin gona. Na daɗe ina kallonsa. Na sa aka kai shi wurin makanikai da dama a Gusau, na roƙi a mayar mini da shi mai ƙafa uku. Wasu suka ce ya tsufa, wasu suka ce ba aikinsu ba ne. Wani ya ba ni shawara in sayar da shi ga masu gwangwan in huta.

A ƙarshe aka kwatanta mini garejinka da ke bayan tasha, ƙarƙashin darbejiya. Na same ka a tsugune, hannuwanka baƙi ƙirin, kana wanke kafireta a cikin gwangwanin fetur. Ba ka dubi babur ɗin da farko ba. Ni ka duba. Ka ce in miƙo hannuna, ka ce in matse naka da iyakar ƙarfina. Na matse har ka yi ƙara.

"To," ka ce, "wanga hannu ya isa giya, ya isa birki. Sabiru, zo ka gani."

Kun daɗe a kan aikin nan, kai da Sabiru. Kuka cire ƙafar baya, kuka ƙera gatari, wato sandar ƙarfe mai riƙe taya biyu, kuka ɗora wurin zama mai faɗi da akwatin huluna. Giyar da ake takawa ka mayar da ita sandar ƙarfe a gefen tanki, ka sassaƙa mata mariƙi na itace. Birkin ƙafa ya dawo hannu. Abin tayar da injin ma ka ƙara masa doguwar sanda don in riƙa dannawa da hannu. A gaba kuka liƙa farantin ƙarfe mai faɗi, inda zan riƙa ajiye ƙafafuna kada su ja ƙasa. Ranar da na fara fita da shi, ka bi ni a guje a ƙasa har bakin titi kana ihu, "Sannu-sannu, Mannir! Ba jirgi ba na!" Daga Gusau zuwa Bungudu ban san sa'ad da hawaye suka jiƙa mini wuyan riga ba. Ban taɓa jin iska ta buge ni a fuska da ikon kaina ba sai ranar.

Da babur ɗin nan na fara cin kasuwar Tsafe. A can na ga Saude, 'yar Malam Buba mai sayar da zaren ɗinki. Ba zan tsawaita wannan ba, domin ba labarina nake bayarwa ba. Abin da ya shafe ka shi ne, tun a tafiye-tafiyen farko injin ya fara nuna gajiya. An yi shi ne don ya ja ƙafa biyu da mutum ɗaya, ga shi an ɗora masa ƙarfe da akwati da ƙarin taya. In na yi nisa sai in ji warin baƙin mai yana ƙonewa, sai ƙarfinsa ya ragu, sai ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani. Ka ce mini duk lokacin da na ji haka in nemi inuwa in kashe shi ya huce. Haka na riƙa yi.

Sai ranar da Malam Buba ya ce in zo gida ya gan ni. Tsakiyar bazara ce. Na sa farar shadda, na zaɓi hular da ta fi kowace kyau a rumfata. Na wuce Gusau lafiya. Na bar dutsen Kwatarkwashi a bayana kaɗan ke nan sai injin ya yi wata gajeriyar ƙara ya ɗauke. Na danna sandar tayarwa, ta ƙi motsi ko kaɗan. Zafi ya sa fistan ya liƙe a ciki.

Duk wanda babur ya taɓa mace masa a hanya ya san abin da ake yi: a sauka a tura. Ni ba ni da wannan. Inda ya tsaya, nan na tsaya. Babu itace kusa, kwalta tana tururi, motoci suna wucewa. Na ga wata inuwa can gaba, amma in na ja jiki zuwa wurinta, da wace riga zan shiga gidan surukai? Na kira ka. Na ce, "Malam, ya mutu." Ba ka tambaye ni komai game da injin ba. Ka ce, "Kana cikin rana?" Na ce e. Ka ce, "Ga ni nan."

Ka zo a kan naka babur ɗin, da rigar aiki, da gorar ruwa a rataye. Ka ba ni na sha. Ka tura nawa zuwa wata bukkar masu sayar da rake ka ba su ajiya. Sannan ka dawo ka juya mini baya ka tsuguna.

Na ce, "Malam, rigarka za ta ɓata mini shadda."

Ka yi dariya, ka tuɓe rigar ka juya ta ciki-waje ka mayar. Ka goya ni kamar yadda uwa take goyon ɗanta, ka zaunar da ni a bayan babur ɗinka, ka ɗaure ƙafafuna da rawaninka kada su shiga taya. Haka muka shiga Tsafe. A ƙofar gidan ka sake goya ni har cikin zaure, ka zaunar da ni a tabarma, ka zauna kusa da ni kamar dama an aiko ka. Mahaifina ya riga ya rasu, kawuna kuma yana kwance ba lafiya. Ban roƙe ka ba, amma kai ka zama babbana a wannan zama.

Malam Buba mutum ne mai gaskiya, bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya ce bai ƙi ni don ƙafa ba, kuma ya bincika ya ji ina da sana'a. Amma Bungudu da nisa. In ɗiyarsa ta kamu da ciwo, ko haihuwa ta zo da gardama, wa zai kai ta asibiti? In shi ya kwanta, wa zai kawo masa ita? "Ga shi yau ma," in ji shi, "sai da anka goyo ka." Na sunkuyar da kai. Kai ne ka amsa. Ka ce, "Malam, ka ba mu lokaci. In bai zo maka da kansa ya koma da kansa ba, ni zan zo in ce maka kada ka ba shi."

Da aka jawo babur ɗin zuwa gareji ka buɗe injin, ka daɗe kana kallon cikinsa. Ka ce ko an gyara shi, haka zai sake yi, domin kayan sun fi ƙarfinsa. Na koma gida a mota, zuciyata a jagule. Da na dawo bayan 'yan kwanaki sai na tarar da babura biyu a kwance ƙarƙashin darbejiya, nawa da naka, kowanne cikinsa a buɗe. Ka sauke babban injinka, wanda ka fi kowa sanin lafiyarsa, kana gwada shi a jikin nawa. Ƙaramin nawa kuwa ka sa masa sabon fistan da ringi, yana gefe yana jiran a ɗora shi a naka.

Na ce, "Malam, ban yarda ba. Kullum kana hanyar Furfuri. Wannan injin zai riƙa tsayar da kai."

Ba ka ko ɗago kai ba. Ka ce, "Ni in ya tsaya mani, ina da ƙafar turawa. Kai fa?"

Na yi ta magana, ka yi ta ɗaure noti. Daga baya ka ce in miƙo maka sifana ko in yi shiru.

Da ma a ce daga nan komai ya daidaita, amma ba haka aka yi ba. Ramukan ɗaure injin ba su zo daidai da jikin babur ɗin ba, sai da Sabiru ya yanka sababbin ƙarafa. Sarƙa ta karkace, aka sake kwancewa. Da aka gama duk wannan na fita gwaji, ƙarfi ya samu, amma kafin in kai Bungudu injin ya ɗauki zafi har ina jin hucinsa a cinya. Ka canza baƙin mai, bai daina ba. Ka ciro fulogi ka ga bakinsa fari fat kamar toka, ka ce fetur ne ba ya isar sa, ka ciro kafiretar babur ɗinka ita ma ka ɗora mini. Ya yi sauƙi, bai warke ba. Ka sa babban faifan sarƙa a baya don ya rage wahalar ja. Ya ƙara sauƙi, amma in an hau tudu sai warin nan ya dawo. A kwanakin nan fushinka ya ƙaru. Sabiru ya ce mini ko abincin rana ba ka ci, sai ka zauna ka zuba wa injin ido kamar mai jiran ya yi magana.

Wata safiya ka rufe gareji ka ce in tayar, za ka raka ni Tsafe. Ka zauna a kan akwatin huluna a bayana. Muna cikin gudu sai na ji ka sunkuyo ta gefena, ka zura hannu ƙasa, bayan farantin da nake ajiye ƙafa. Ka daɗe a haka. Sai ka buge ni a kafaɗa ka ce in tsaya.

"Babu iska nan," ka ce. "Ko kaɗan babu. Wanga faranti da munka liƙa shi ya tare ta. Injin da iska ka sanyaya shi, mu munka gina mashi bango a gaba." Ka riƙe kai da hannu biyu. "Laifina na, Mannir. Ni na auna shi da hannuna. Har ƙaramin ma ni na taya shi mutuwa."

Ban taɓa ganin babban mutum ya yi murna da gano kuskurensa irin yadda ka yi ba. Muka juyo. Sabiru ya yanke farantin, ya saƙa wani da siraran sanduna kamar raga, ƙafafuna suna da wurin zama, iska tana da hanyar wucewa. Ka lanƙwasa wani guntun langa-langa a gefe don ya riƙa karkato da ita kan injin. A kasuwar Tsafe da ta biyo baya na tafi ni kaɗai, ban tsaya ko sau ɗaya ba. Na yi fakin a ƙofar gidan Malam Buba, na yi sallama daga kan babur. Bayan damina aka ɗaura mana aure da Saude. Kai ka karɓa mini.

Shekaru da yawa ka yi kana hawan ƙaramin injin nan. Mutanen hanyar Furfuri sun saba ganinka a gindin wata tsamiya da yamma, babur a jingine, kana jiran ya huce. Suna yi maka ba'a, wai bakanike guda da babur mai neman hutu. Sai ka ce musu ai kai ne kake son gaisawa da mutane. Ba ka taɓa gaya wa kowa inda injinka ya tafi ba. Nakan wuce wani lokaci in gan ka a wurin, in tsaya, kunya ta rufe ni. Sai ka ce, "Wuce, wuce, Saude na jira."

Ba zan ce ba ka da zafin rai ba, don waɗanda suka san ka za su ce na yi ƙarya. Duk wanda ka kama yana kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ranar ya ji abin da bai taɓa ji ba. Duk wanda ya bar laka ta toshe tsagogin kan injinsa da damina, sai ka miƙa masa tsinke ka ce ya tsuguna ya sakace da kansa, ko da kuwa da babbar riga ya zo. Ba a gaggauta ka. In mutum ya ce yana sauri, sai ka nuna masa garejin da ke gaba. Amma ban taɓa jin ka sallami babur alhali kana shakkar zai kai mai shi gida ba.

Da hanyoyinmu suka lalace a shekarun nan, abin da a da wahala ce kawai ya zama maganar rai. Ka kafa mini doka: ba zan kama hanyar Tsafe ba sai na biyo ta gareji. Ka duba mai, ka taɓa sarƙa, ka saurari injin, sannan ka ce Allah shi kiyaye. Wani lokaci har haushi nake ji. Sai wata bazara, muna dawowa daga gaida Malam Buba, Saude tana bayana da tsohon cikin autarmu. Ba mu daɗe da barin Tsafe ba muka ji harbi a bayanmu. Motoci suka fara wuce mu a guje da fitilu a kunne, wani direba ya leƙo yana ihu cewa ɓarayin daji sun fito kan titi. Saude ta ƙanƙame ni tana salati. Na san in injin nan ya ɗauke, ni ba zan iya gudu ba, ita kuma ba za ta tafi ta bar ni ba. Na murɗe mai har ƙarshe. Rana tana tsaka, na yi masa abin da ka hana ni yi tsawon shekaru, ban sassauta ba, ban saurari komai ba. Ya wuce wurin da ɗan'uwansa ya taɓa mutuwa, ya wuce Kwatarkwashi, bai yi ko tari ba har darbejiyarka.

Ka fito ka gan mu, ka fahimta kafin mu yi magana. Ka sa aka kawo wa Saude ruwa da kujera. Sannan ka tsuguna gaban injin, ka kara tafin hannu kusa da shi ba tare da ka taɓa ba, ka daɗe a haka leɓunanka suna motsi. Da ka miƙe idanunka sun yi ja. Abin da ka ce kawai shi ne, "Gobe ka kawo shi a canza mai."

Zuwana na ƙarshe wurinka, ka rame sosai, muryarka ta yi ƙasa. Ɗanka Khalid ya taimaka mini na shiga ɗakin. Na yi zaton za ka tambaye ni babur, har na shirya amsa. Ba ka tambaya ba. Saude ka tambaya, da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da ko rufin rumfata ya daina yoyo. Ka ce in yafe maka tsawar da ka sha yi mini. Na kama hannunka, na ga ya yi fari tas, babu baƙin mai ko a ƙarƙashin farce. Ban taɓa ganin hannunka haka ba, kuma a nan ne na san ba za ka koma gareji ba.

Yanzu in na shiga Gusau sai in ga hannuna ya karkata kan babur zuwa bayan tasha da kansa. Darbejiyar tana nan, Sabiru yana nan, bencin da kake zama yana nan babu kowa a kai. Ina tsayawa in gaisa, in rasa abin da zan ce ya kawo ni. Injin ya tsufa, ya fara shan baƙin mai, yana ɗan hayaƙi da safe. Sabiru ya ce lokaci ya yi da za a sauke shi a ɗora sabo, kuma na san gaskiya ya faɗa. Na ce masa a bari tukuna.

Ya Allah, bawanka Idris ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sanya jinyar da ya yi ta zama kankarar zunubi. Ka karɓi shaidar da bayinka suka yi masa, ka sanya shi a Aljannar Firdausi tare da iyayensa.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Saude da 'ya'yanmu, ga mai ɗakinsa Inna Uwani, wadda ta yi haƙurin zama da mutumin da kullum yake dawowa gida a makare saboda matsalar wani. Ina yi wa Khalid da Asiya da sauran ƙannensu ta'aziyya, da Sabiru, da jama'ar Furfuri, da duk masu sana'ar da ke bayan tasha. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a bayansa. Ku sani akwai gida a Bungudu da yake naku ne ko da yaushe.

Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Malam, ina kewarka ƙwarai. Allah ya haɗa mu a inda zan iya miƙewa tsaye in tarbe ka.

Mannir Mai Hula,
Bungudu.